Shekarar da Mutari Ya Bar Sauro Ya Taho Shuka

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rufe Mutari a maƙabartar bayan gari, nan Matameye, kuma a duk tsawon lokacin nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ni malamin makaranta ne da ya ajiye alli, abin da hannuna ya saba da shi shi ne gyara rubutun wasu da jan alƙalami, ba yin nawa ba. Bana ne shiru ya gagare ni, kuma gonarsa ce ta jawo. Gonar da Mutari ya bar karatunsa saboda ita, ita ce bana ta tsaya tsakanin ɗansa Laminu da nasa karatun. Dole a rasa ɗaya, ko gonar ko karatun, kuma a gabana aka yanke hukuncin.

Bari in fara da shi kansa, don da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su san shi ba. Benci ɗaya muka zauna tun ajin farko. Ni na bi hanyar koyarwa, har yau Mushe ake ce mini a gari, yadda ake kiran malamin boko a nan, shi kuwa ya shiga makarantar koyon aikin lafiya ya fito ma'aikacin labo, wato ɗakin gwajin jini na asibiti. Dogo ne, mai sanyin magana, mai taurin kai irin na mutumin da ba ya ɗaga murya. In kuna musu ba zai ce maka ka yi kuskure ba, sai dai ya yi ɗan tsaki a hankali ya ci gaba da zuba shayi, kai kuma ka tashi da haushi. Aikinsa daga safe zuwa azahar shi ne ya soki yatsan yaro, ya shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, ya rina shi, ya sunkuya kan mikiroskof, madubin nan da ke nuna abin da ido ba ya gani. Ya taɓa tilasta mini na leƙa. Ɗige-ɗige kawai na gani, shuɗi-shuɗi da ja-ja, ya ce ga ƙwayar palu nan, mai sa masassarar cizon sauro, kamar zobe, na ce na gan ta don dai ya sake mini wuya.

Abin da ya raba shi da sauranmu yawan tambaya ne. Mu in yaro ya yi masassara a damina, ai damina ce, an gama magana. Shi kuwa sai ya zauna a majalisarmu ta la'asar yana ta juya abu ɗaya. Me ya sa a gida ɗaya, ɗaki ɗaya, wani yaro zai yi ta kwanciya har kaka, ƙanensa kuwa ko ciwon kai? Me ya sa maganin da ya yi aiki bara, bana sai an ƙara da wani? Ba shi da wanda zai tambaya sai mu, mu kuwa iliminmu a nan bai wuce mu ce Allah ya sawwaƙe ba.

A zamanin, damar ƙarin karatu ga irinsu Mutari takarda ce da ake liƙawa a bangon wani biro, wato ofis, a Damagaram, kuma kafin labarinta ya iso Matameye galibi an rufe karɓa. Tasa damar a mota ta zo har inda yake. Wasu masu binciken masassarar cizon sauro suka biyo ta yankinmu suna ɗibar jinin yara, suka yada zango a labonsa na ƴan kwanaki. Ya dame su da tambaya, har shugabarsu, wata likita mai gilashin ido da suke ce wa Madam, ta gaji ta ce masa ai gara ya zo inda ake neman amsar. Haka aka ɗauke shi horo na kusan shekara a wata cibiyar bincike a Yamai, shi da wasu matasa kaɗan daga sassan ƙasa, da alkawarin cewa waɗanda suka kammala da kyau za a nema musu burs, wato tallafin kuɗin karatu, su fita waje su yi karatu mai zurfi. Ya tafi bayan an kai gero rumbu, ya bar amaryarsa Zara a gidan mahaifinsa.

Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwa da ya je Yamai sayayya ya kai masa ziyara, ya dawo da labarin da majalisun Matameye suka yi ta tauna har sanyi ya wuce. Wai ya sami Mutari a wani ɗaki mai ɗumi da laima, kewaye da ƙananan akwatunan raga cike da sauro, yana jiƙa auduga da ruwan sukari yana ɗora musu, yana leƙa kwanonin ruwa yana duba ƴaƴansu. An dai tura Mutari Yamai kiwon sauro. Tsohonsa, Malam Rabe, da aka gaya masa, cewa ya yi shi bai ga abin da ya kai yaron nan nesa ba, tunda na bayan ɗakinsa ma sun isa a yi garke. Ni ma na yi dariyar, har na aika a tambaye shi ko ana tatsarsu. Sai daga baya ya yi mini bayani. Sauron nan zuri'a ce da aka daɗe ana reno a ɗaki, ba su taɓa haɗuwa da maganin feshi ba, kuma da su ake auna na daji. In damina ta sauka sai a kamo na ƙauyuka, a shaƙa wa duka biyun magani iri ɗaya, a ga ko na dajin sun fara yi wa maganin taurin kai. Duk karatun da suka yi da rani shiri ne kawai, aikin gaskiya sai ruwa ya sauka.

To a nan ne al'adarmu ta shigo, kuma dole in yi wa wanda ba ɗan nan ba bayani. Mazan Matameye ƴan cin rani ne. Da an gama kaka sai gari ya koma na mata da tsofaffi. Wannan yana Kano yana ga-ruwa, wancan yana Kaduna yana gadi, wani yana Legas da teburin shayi. Amma ranar da aka yi ruwan shuka, irin wanda in ka tona ƙasa danshi ya kai taƙi, kowane gida sai ya tura tasha a ba direbobi saƙo, a gaya wa wane an yi ruwa. Ba a ƙara komai a kai, kowa ya san kira ne. Wanda ya ji, ko yana tsakiyar ciniki, sai ya naɗe tabarmarsa. Har yau ina tuna yadda tasharmu take cika a makon, motoci suna zubo mutane da rediyoyi da katifu da sababbin bokitai, wani ko gida bai shiga ba zai wuce gona da takalmin birni a ƙafarsa. Iyayen gidansu na can kuma sun san da haka. Alhajin da kake yi wa gadi a Kano ba ya jin haushi, ya san damina ta ɗauke ka, kaka za ta maido ka, in ya ga dama ma ya ba ka na mota. Da wannan muka tashi, har ba mu ɗauke shi abin da ake neman izini a kansa ba.

Saƙon ya sami Mutari a Yamai ta bakin wani direban babbar mota. Shi ne babba a gidansu, idon Malam Rabe ya fara rufewa, ƙanensa Illa kuwa lokacin bai gama zama mutum ba. Mutari ya cire farar rigarsa ya rataye, ya roƙi wani abokin horonsa ya riƙa leƙa masa sauron, ya bar wa mai gadi sallahu a gaya wa Madam ya je shuka zai dawo, ya hau mota. Har ya koma ga Allah yana rantsuwa cewa a ranar bai ji a ransa yana yin wani laifi ba. A ganinsa duk mai hankali ya san ba a barin danshi ya bushe.

Da shuka kaɗai ce, da ƙila an yafe masa. Amma damina ta yi irin halinta. Aka shuka, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone, aka sake shuka. Kafin ta biyun ta kama ƙasa ciyawa ta taso, ga noman farko. Kullum in na tambaye shi sai ya ce jibi zai koma. Sai da gero ya kai gwiwa ya koma Yamai, ya tarar ayarin bincike ya daɗe da fita ƙauyuka, an sa wani a gurbinsa. Abokin da ya bar wa amana tun makon farko aka tafi da shi daji, sauron da ke hannun Mutari kuwa babu ko ɗaya mai motsi. Madam ba ta yi masa faɗa ba, kuma abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ta fahimta, ita ma ƴar manoma ce, amma sauro ma da damina yake zuwa, kuma ba za ta iya ɗora aiki a kan mutumin da ruwa zai ɗauke mata shi a lokacin da ta fi buƙatarsa ba. Ya dawo labonsa na Matameye, a nan ya zauna har ƙarshen ransa.

Na gaya masa a lokacin cewa ya yi wauta, kuma shekarun nan ba su sa na janye maganar ba. Na ce masa ƴan ƙwadago sun ƙare a duniya ne? Ya yi tsakin nan nasa, ya ce a gidansu ba ƙarfi ake nema ba, ƙafa ake nema. Gonar gandu ce tun ta kakanni, ba a raba ta ba, kowane ɗaki yana riƙe da gefen da ɗansa yake tsayawa a kai ranar shuka. In ɗan Malam Rabe bai tsaya ba, ƴan uwan Malam Rabe za su tsaya. Da tsohon ya rasu a shekarar da ta biyo, sai Mutari ya sami abin rufe mini baki. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ya ce, “Mushe, tuwon ƙarshe da tsohona ya ci, da geron da na shuka aka yi shi.” Ni kuma sai in juya zancen zuwa siyasa.

A shekarun da suka biyo baya ɗaliban makarantar lafiya sukan zo estaj a labonsa, su yi ƴan watanni suna koyon aiki. Sun sha wuyarsa. Mutumin da ya ɓace wa Madam rabin damina, shi ne ba ya yafe wa yaro makarar safiya ɗaya, kuma na sha tsokanarsa da haka. Amma in ya ga ɗalibi mai kai, sai ya liƙe masa, ya yi ta tura shi ya je ya duba bangon Damagaram, ya nemi gaba, kada ya tsaya a nan. Tambayar farko da yake yi wa irin wannan ɗalibin kuwa ita ce wa ke yi wa gidansu shuka. Yaran sukan ɗauka hira ce irin ta tsofaffi, ni ma haka na ɗauka.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai leƙo yau. Mikiroskof ɗin da ya sunkuya a kansa har bayansa ya lanƙwashe, yanzu sau da yawa ba a ko buɗe shi. Wani ɗan farin roba ne mai tsawon yatsa ake ɗiga wa jini, kafin ka gama gaisawa da ma'aikaci layi ya fito. Na san zai yi tsaki a kan wannan, ya ce abin ba ya gaya maka yawan ƙwayar. Amma a kan neman karatu, ina jin bakinsa ba zai rufu ba don mamaki. Yanzu sanarwar horo tana shigowa wayar yaro yana kwance a zaure. Ana neman ɗalibai masu lisans ko mastar, wato digiri na farko ko na biyu, ana neman matasan da suka fara aikin bincike, wannan na ƴan watanni, wancan na shekara, wani ma ta intanet kake bi daga inda kake. Na ga ƴan matan garin nan da na koya wa baƙi da hannuna suna zancen ƙwayoyin halitta kamar suna zancen farashin wake. Ba wai abin ya zama da sauƙi ba ne. Yawancin wuraren Ingilishi suke so, mu kuwa Faransanci aka ɗura mana. Haɗa dosiye ɗaya na takardun nema sai ya ci wa yaro makonni, ga wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar aikawa, ga malamin da za ka bi ka bi kafin ya rubuta maka shaida. Masu nema suna da yawa, waɗanda ake ɗauka kaɗan ne. Amma aƙalla suna jin labarin kafin a rufe, abin da tsararmu ba ta samu ba.

Hawan jini ne ya ɗauke Mutari, ana tsakiyar zafi, a farfajiyar asibitin, da farar rigarsa a jiki. Laminu, ɗansa na fari kuma namiji tilo a cikin ƴan mata, yana kolej, ƙaramar sakandare, a lokacin. Damina ta farko bayan rasuwar ya saɓa sungumin da ya fi shi tsawo ya je ya tsaya a gefen ubansa, ƴan ƙwadago suka yi sauran. Haka ya riƙa yi duk shekara, daga lise, babbar sakandare, a Damagaram, daga baya kuma daga jami'a. Wani lokaci ya sauka da yamma, ya yi shuka da safe, ya koma ya tarar da jarrabawa. Ilimin halittu ya karanta, ba tare da wani ya sa shi ba.

Bara ya nemi wani horo na matasan masu bincike a wata ƙasa da ke yamma da mu, tafiyar kwanaki a mota. Ya sha nema ana maido shi, wannan karon aka ɗauke shi, ni na raka shi tasha. Aikin kuwa, sai ka ce da gangan ake yi mana, na sauro ne. Ana duba ko maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi har yanzu yana kashe su, sai dai su yanzu har cikin ƙwayoyin halittar sauron suke shiga, abin da ubansa bai kai ga gani ba. Sharaɗin ma iri ɗaya ne. Wanda ya yi aikin damina a ƙauyuka daga farko har ƙarshe, ya rubuta abin da ya samu, shi za a duba don karatun dokta, wato digiri na uku. Wanda ya tsallake, an gode masa.

Da zafi ya tsananta bana, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, sai Illa ya shigo gidan Zara. Ina so a fahimce ni, Illa ba mugu ba ne. Gidansa cike yake da bakuna, abin da yake samu a gefensa ba ya kai shi ƙarshen rani, kuma duk shekarun nan bai taɓa matsa wa marayun yayansa iyaka ba. Ya ce mata shi ba zai iya kallon ƙasa a kwance ba. In Laminu zai zo ya tsaya, bismilla, in kuwa ba zai zo ba, shi da yaransa za su shuka. Kowa ya san inda maganar ta dosa. Ƙasa ta yi mana kaɗan a yankin nan, kuma gefen da mutum ya shuka ya ci, ya sake shukawa, ba ya fita daga hannunsa cikin daɗin rai. Karatun dokta kuwa ba damina ɗaya ba ce.

Ni na yi ta maza na ce zan tsaya a madadin yaron. Illa ya ce, cikin ladabi, ni aboki ne, ba jini ba. Zara kuwa gwiwata kawai ta duba, wadda saboda ita ko salla a zaune nake yi.

Laminu ya ji komai, don yanzu ba a iya ɓoye wa na nesa labari. Ya kira ni ya ce ya yanke shawara, da zarar an yi ruwa zai zo ya shuka ya koma. Ya ce shi ba zai yi irin ta Baba ba, a rubuce zai nemi izini, kuma ba zai daɗe ba. Hanya kaɗai, zuwa da komawa, ta isa ta raba shi da ayarinsu, kuma ni na san abin da damina take yi wa mai cewa jibi. Na yi masa faɗa irin na malamin makaranta, hujja bayan hujja. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Baba Mushe, a gonar nan fa na san shi. A gida ba ya magana, a gona yake yi mini hira.” Ban taɓa sanin haka ba.

Washegari da hantsi na je wurin Zara, na same ta tana bakacen gero a tsakar gida. Maganar yaron ta sa na fara shakkar kaina, sai na shiga kawo mata zancen tuwon ƙarshe na Malam Rabe, ina cewa ƙila dai marigayin bai taɓa yin nadama ba, ƙila ni ne nake ɗora masa. Ta ajiye faifai. Zara ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta kuma faɗin na ɗanta na fari, kunya irin ta matan da, ko a waya sai dai ta sa ƙannensa su gaishe shi. Ta ce, “Mushe, kai a majalisa ka san abokinka, ni a gida na san shi. Ranar da ya sauko daga Yamai da jakarsa, babu wanda ya kai ni murna. Amma tun daga shekarar, duk ranar ruwan shuka, in ya dawo daga gona ba ya cin abinci. Yadda na kai masa kwano haka nake ɗaukowa. Shekara nawa ina ɗauko kwanon nan, kai ba ka taɓa gani ba.” Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa da na ɗauka babu abin da ban sani ba game da mutumin nan.

Ruwan ya sauko da la'asar, mai yawa, har kwararo ya cika. Kafin ya tsaya wayoyi sun fara aiki, yara suna ɗaukar hoto suna tura wa na Kano da na Legas, don direbobin tasha sun daɗe da rasa wannan aikin. Da sassafe Zara ta aiko a kira ni. Na tarar ta riga ta kira Illa, yana tsugune a bakin zaure. Ta fito da ƙoryar iri, wanda ita da ɗanta suka zaɓa daga manyan zangarnun bara, ta dire a gabansa. Ta ce ya shuka gefen yayansa, ba aro ba, ba jingina ba, ya riƙe, ga Mushe shaida. Illa ya ce a'a, a bar shi a aro, in yaron ya dawo a yi magana. Ta ce in aro ne, yaron zai yi ta waiwayowa duk shekara yana duba hadari, ita kuma abin da ba ta so ke nan. Na ce mata gonar nan fa haƙƙin marayu ce, ba tata ce ita kaɗai ba. Ta ce ta yi magana da ƴan matan sun yarda, shi kuma babban yanzu za ta gaya masa, in ya ƙi ya zo ya kai ta gaban alƙali.

Muna nan tsaye wayata ta yi ƙara. Laminu ne, ya ga hotunan ruwa, yana gaya mini da safen nan zai nemi izinin. Zara ta miƙo hannu. Ban taɓa ganin ta karɓi wayarsa ba. Ta riƙe ta ɗan nesa da kunne, ba ta ko amsa gaisuwarsa ba.

Ta ce, “An yi ruwa, amma ba ka da gona. Na ba babanka Illa. In ka zo, sai dai ka zo kallo.”

Na jiyo shi yana cewa, “Inna, gonar Baba ce fa.”

Ta ce, “Na fi ka sanin mai ita. Ta ci nasa karatun ina kallo, ba za ta ci naka ba. Ka zauna ka yi abin da ya kai ka.”

Ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki. Illa ya daɗe a tsugune yana kallon ƙoryar kafin ya ɗauka. Ni kuwa na tsaya da waya a kunne ina jin numfashin yaron har layin ya yanke.

Ya yi fushi, ba zan ɓoye ba. Ya daɗe bai kira kowa ba, ko ƙannensa. Amma bai zo ba.

Tun ranar nake auna abin da Mutari zai ce. Wani lokaci in ga kamar zai ɓata rai, ya ce an kyautar da abin da ya sadaukar da komai dominsa, kuma ko shawararsa ba a nema ba. Wani lokaci in ga kamar ajiyar zuciya zai yi. Gaskiya ban sani ba, kuma bayan abin da Zara ta gaya mini na daina sa masa magana a baki. Na bi ta gonar kwanan baya a kan babur ɗin wani tsohon ɗalibina. Gero ya tsiro kore shar, yaran Illa suna noman farko, suka gaishe ni da fara'a. Komai yana nan kamar ba a canza hannu ba, kuma abin ya yi mini zafi fiye da yadda na zata.

In aka ce me ya rage na Mutari, ba gona ba ce, ta koma hannun wani. Labon an sake masa fenti, matasan da ke aiki a ciki ba su san shi ba. Sunansa bai hau kan wani bincike ba. Amma akwai magidanta a garin nan, masu ƴaƴa yanzu, da ba su san cewa shi ne ya taɓa sunkuyawa kan jininsu suna goye, ya fito da sauri ya ce a ba su magani yanzu-yanzu. Akwai wasu cikin ɗaliban da ya takura wa da suka yi nisa, ɗaya ma takan aiko wa Zara da atamfa da salla. Akwai kuma matar da ta zauna da shi, ta san ciwon da ya ɓoye mana, ta ƙi yarda ɗansu ya gaje shi. Ina kewarsa ƙwarai, musamman da la'asar, don yanzu in na yi musu a majalisa kowa sai ya ce haka ne Mushe. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Makon jiya Laminu ya kira ni, karon farko tun ranar. Muryarsa a gajiye. Ya ce suna wani ƙauye, can ruwa bai daɗe da sauka ba, kullum da sassafe suke fita tattara sauron da tarkunansu suka kama. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi ƙannensa, daga ƙarshe ya tambayi Inna. Sannan ya ce, “Baba Mushe, yau da safe na ga wani mutum da ɗansa suna shuka a bakin hanya. Uban yana sara, ɗan yana bin sa da iri. Na tsaya ina kallonsu har sai da aka kira ni daga mota.”

Na ce, “Da aka kira ka, ka je?”

Ya ce, “Na je.”